Wa Ya Dafa Ruwan Da Ka Yi Wanka Da Shi?

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, tun da yake maganar wanka ce ta kawo ni wannan shafi, ba zan ɓoye kome ba, wanda abin ya taɓa kuma sai ya yi haƙuri.

Duk shekara da zarar jaura ta buso, hazo ya rufe gari, akwai wata magana da ba a rasa ji a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai maza, a aji ne, a wajen cin abinci ne, ko a cikin motar da ke kai mu gida. Ɗaya zai ce wai ruwan zafi a famfo ai kayan Nasara ne, son jiki ne kurum, Bahaushe bai gaje shi ba. Wani ya karɓe ya ce kakanninmu da ruwan randa suka yi wanka har suka tsufa da ƙarfinsu. Na uku ya rufe taro da wa'azin wadar zuci. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, irin ƙaryar da mai yin ta bai ma san ƙarya yake yi ba, zama ba a kansa nauyinta yake ba. Babu gidan Bahaushe da yake zaune ba ruwan zafi. Famfon ne babu. Aikin da famfon zai yi kuwa mace ce take yin sa, da hannunta da idonta da huhunta, tun kafin ladan ya yi kiran assalatu.

Mai karatu, zo mu leƙa kowane gida ka ga dama a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Damagaram, da ƙarfe huɗu da rabi na asuba cikin watan Janairu. A Kano sanyin dare a wannan wata yakan sauko wajen digiri 13, wani daren ma ƙasa da 10, ruwan da ya kwana a bokiti kuwa in ka tsoma yatsa sai ka ji kamar an yanke ka da aska. Duk gidan barci ake yi, an ƙudundune cikin bargo, ban da mutum ɗaya ko biyu. Uwar gida ce, ko amarya in ita ke da girki, ko yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka tasa da ƙyar. Tana tsugune gaban murhu, ta jera itace, ta cusa leda ta kunna domin kananzir ya yi tsada, tana hurawa tana hawaye. In ruwan ya tafasa sai rabo. Butar maigida ce farko, da bokitinsa in wanka ya kama shi. Sa'an nan tsohuwa. Sa'an nan yara masu zuwa makaranta, a sirka a wanke su ɗaya bayan ɗaya suna ihu. Sa'an nan samarin gida, waɗanda sai an buga musu ƙofa sau uku. Wadda ta hura wutar ita ce ta ƙarshe, da ɗan abin da ya rage a gindin tukunya, ya riga ya huce. In yarinya ce, ta tafi makaranta a makare, ta sha bulala a bakin ƙofa, ta zauna a aji tana gyangyaɗi ana cewa daƙiƙiya ce.

Ba labari aka ba ni ba. Daga gida nake zuwa jami'a kullum, mu goma sha ɗaya ne a gidanmu, ranar da duty ɗin murhu ya faɗo kaina kuwa tukunya biyu nake saukewa kafin in ga gari ya waye. Akwai ranar da wani ɗan ajinmu, cikin masu wa'azin wadar zucin nan, ya toshe hanci a laccar ƙarfe takwas ya ce wai wa ke warin hayaƙi. Shi fes yake, yana ƙamshin sabulu. Na tambaye shi da wane ruwa ya yi wanka, ya ce da na ɗumi mana. Na ce wa ya dafa? Ya yi shiru yana tunani, sa'an nan ya ce, "An dai kawo mini."

Ku da kuke nazarin Hausa, ku tsaya kan wannan "an" ɗin. Malaman nahawu sun koya mana cewa da shi ake amfani in ba a san mai aiki ba, ko kuwa ba a son ambatonsa. An ɗora ruwa. An sirka. An kai maka banɗaki. Matan ma da shi suke magana, don kunya, ba mai cewa mijinta "na kai maka ruwa". Da wannan ɗan harafi biyu aka binne aikin miliyoyin mata, har ya zama namiji ya girma ya yi gemu ya shiga jami'a yana tsammani ruwan ɗumi daga sama yake sauka kamar raɓa. Kuma harshen da yake da kalma ta musamman don gauraya ruwan zafi da na sanyi, watau sirkawa, ta yaya za a ce masu shi ba su gaji ruwan zafi ba? Kalma ba ta tsira a baki sai in aikinta kullum ake yi.

In ana son hujjar da ta fi wannan, ga wankan jego. Mace ta haihu, kwana arba'in cur safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya ana fyaɗa mata a jiki. Tun ciki yana wata bakwai ko takwas ake sa ran miji ya fara tara itace, wanda bai tara ba kuwa ya shiga bakin dangin matarsa. Bari mu yi ɗan lissafi, ko da yake an ce mu 'yan Hausa tsoron lissafi ne ya kawo mu wannan sashe. Murhun duwatsu uku ɓarna gare shi: cikin zafin da itace ya bayar, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura iska ta kwashe. A ƙaddara tukunyar tana cin lita 40. Kafin ta tafasa a irin wannan murhu sai ta ci busasshen itace wajen kilo 7. Sau biyu a rana, kwana arba'in, sau tamanin ke nan. Ya kama fiye da rabin tan na itace a kan haihuwa ɗaya. Sai ka lissafa sunaye nawa aka raɗa a unguwarku bana.

Likitoci sun daɗe da sa ido kan wannan wanka. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda suka ga ya yi yawa ƙwarai a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da wankan, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ciwon yana kama har waɗanda ba su yi wankan ba, ya kuma ja hankali ga talauci da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam. Wannan gardamar likitoci ce, na bar musu. Tawa gardamar da mu ce, 'yan wannan ƙungiya. Kundin digiri nawa aka rubuta a kan al'adun aure da haihuwa a ƙasar Hausa? Je ka ɗakin karatu ka buɗe. Za ka ga sunan ganye, ka ga bayanin kunu da ƙauri, ka ga ranar da ake fita arba'in. Ba za ka ga wa ya jawo ruwan daga rijiya ba, wa ya faskara itacen, nawa aka saye shi, tsohuwar da ke yin wankan me hayaƙin shekara talatin ya yi wa ƙirjinta. Mun mai da al'ada abin kallo kamar hawan salla, a yaba doki a manta da mai yankan ciyawa.

Hayaƙin nan kuwa kisa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida, na itace da gawayi da kashin shanu da kananzir, ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ba sai an gaya maka wa ke kusa da murhu ba, kuma wa ke goye a bayanta. Ƙara da ƙuna. Tukunyar tafasasshen ruwa a ƙasa a tsakar gida, cikin duhun asuba, ga yaro mai rarrafe: wace unguwa ce ba ta da yaron da ya tashi da tabo a cinya ko a ciki? In abin ya faru sai a ce ƙaddara, sa'an nan a juya a ce sakacin uwa. Itacen kuwa manoman kewayen Kano ba su yarda a taɓa nasu, sun san darajar ɗorawa da gawo da kuka. Tun a 1990 wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka yi tare da abokan aikinsu ya nuna cewa manyan motoci ne ke shigo da itacen birni daga dazuzzuka masu nisa. Watau mu yi wanka a Kano, wani ƙauyen da ba mu san sunansa ba ya rasa inuwa.

Na san amsar ɗan boko: a sayi hita. Da kyau. Dumama bokiti mai lita 20 yadda za a yi wanka da shi yana cin wutar lantarki ɗan fiye da rabin yunit, ba wani abin tashin hankali ba ne, in akwai wutar. Ina take da ƙarfe huɗu na asuba? A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit Naira 225 ga rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, sauran jama'a kuma aka bar su da abin da ya samu. A watan Oktoban wannan shekarar yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ɗan hitan nan da ɗalibai ke tsomawa a bokiti kuwa, da waya a tsiraice da robar da ke narkewa in an manta, ba banza hukumomin makarantu suke ƙwace shi ba. Risho ya koma tarihi tun da aka janye tallafin kananzir a 2016. Gas kuwa wanda ya samu ya cika tukunyarsa tuwo yake tunani, ba ya yarda a ɓarnatar masa a kan wanka. Haka aka zagaya aka dawo kan itace da gawayi, aka dawo kan mace.

Abin da ke ba ni haushi, har in rasa barcin da dama bai ishe ni ba, shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A ƙasar Hausa, kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, rana tana zuba masa zafin da ya kai yunit 5 zuwa 6 na lantarki a yini, kyauta, ba mai kawo takardar biyan kuɗi. Ko rabinsa aka kama ya isa dumama bokiti huɗu ko biyar. Kowa ya san wannan da jikinsa. Wa bai taɓa buɗe famfon baƙin tankin nan na roba ba da azahar cikin bazara, ya janye hannu yana tsaki? Ai shi ke nan ilmin. Abin da ya rage kurum a riƙe zafin har asuba, kamar yadda filas ke riƙe shayi. Na'urar da ke yin haka ba tsafi a cikinta: akwati ne marar zurfi, a shafe cikinsa da baƙin fenti, a shimfiɗa bututu, a rufe da gilashi, a kafa shi a kan rufi yana fuskantar rana. A bisansa a ɗora tanki da aka lulluɓe da abin hana zafi fita. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka da kansa yake hawa tanki, mai sanyin ya sauko ya maye gurbinsa. Ba inji, ba mai, ba batir. Hazon hunturu yana rage mata ƙarfi, ƙura tana bukatar a riƙa share gilashin, amma share gilashi da faskaren itace ba ɗaya ba ne.

Masu cewa kayan Nasara ne, su saurara. Gaskiya ne wani Ba'amurke, Clarence Kemp, shi ya fara yin rajistar irin wannan na'ura don sayarwa a 1891. Amma ba sai mun tsallaka teku ba. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar da aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, kuma a ƙarƙashinsa ana ƙera waɗannan na'urori a Yamai ana sayarwa tun shekarun 1970. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A Sakkwato ma an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'a tun 1982, ta ƙera na'urar dumama ruwa da ta busar da amfanin gona da murhu mai tsimin itace. Fiye da shekara arba'in ke nan. Ina suke? A wajen baje koli ake ganinsu, manya su zo su taɓa, a ɗau hoto, a mai da su ɗakin ajiya. Isra'ila kuwa a 1980 doka ta yi cewa sabon gidan zama sai da irin wannan na'ura, har ya zama yawancin gidajen ƙasar da rana suke dumama ruwa. Tsibirin Saifurus ma haka. 

Za a ce, haba malama, na sanyin ma ba mu samu a famfo ba, kina maganar na zafi? Wannan ita ce magana mai nauyi, ba ni raina ta. Kano ta fara shan ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gina madatsar Tiga a 1974, amma ga shi unguwanni da yawa 'yan garuwa da kurarsu ne hukumar ruwansu. Abin kunya ne, a kuma ci gaba da faɗa. Sai dai wannan ba dalilin jira ba ne. Ruwan da ake dafawa a murhu daga ina ya zo? Daga rijiya, daga burtsatse, daga jarkar mai ruwa. Shi ɗin dai za a ɗura a tanki. Gidaje nawa ne suka riga suka ɗora tanki a sama? Wanda ya ce sai ruwan gwamnati ya iso kowane lungu kafin a yi maganar hutar da mata, ya yanke wa ƙanwarsa da 'yarsa da jikarsa hukuncin murhu ke nan, shi kuwa ba zai rasa bokitinsa ko rana ɗaya ba.

Wani kuma zai jawo fiƙihu, ya ce ai an karhanta ruwan da rana ta dumama. Lalle wasu malamai sun karhanta shi in a mazubin ƙarfe ne a ƙasa mai zafi, wasu ba su karhanta ba, Imam Nawawi ma ya raunana hadisin da ake kafa hujja da shi. Fagen malamai ne, su za su yi bayani. Amma ban taɓa jin mai wannan tsantseni ya tambayi hukuncin yarinyar da ake hana wa barci da karatu don ya sami ruwan alwala ba.

Sai kuɗi. E, na'urar tana da tsada a farko, talaka ba zai iya shi kaɗai ba. Amma dubi rufin gidajen masu hali a yau, faifan sola ne ko'ina. An sa don fanka, don firji, don cajin waya, don kada a rasa kallon ƙwallon Ingila. Dubi sabon gini, an kashe dukiya a ƙofar ƙarfe da tayil da adon rufi, ruwan zafi kuwa hita ɗaya a banɗakin maigida. Dubi lefe, akwati goma sha biyu. Kuɗin akwai, abin da za a saya da shi ne maigida ke zaɓa, shi kuwa ruwan ɗuminsa bai taɓa yankewa ba, me zai sa ya sayi maganin ciwon da ba ya ji? Ga masu walda da maƙeran Ƙofar Ruwa, waɗanda ba abin da ba su kwaikwaya in sun ga kasuwa. Kasuwar kuwa akwai ta, tun da da hunturu gidajen wanka na haya ruwan zafi suke sayarwa, leburori da 'yan kasuwa suna layi.

Talaka kuma ai ba dole kowa ya mallaki tasa ba. A tsohon birnin Fas na Maroko, 'yan'uwanmu Malikawa, unguwa ba ta cika unguwa ba sai da masallaci da famfon jama'a da gidan gasa burodi da gidan wanka mai ruwan zafi. Mu attajirinmu masallaci yake ginawa jikin masallaci, sahu biyu ba su cika. Da ya kafa tankin ruwan zafi a ɗakin haihuwa na asibitin unguwa fa, ko a tsangayar da ke bayan gidansa? Almajiran nan ba su da uwa ko ƙanwa a kusa da za a ɓoye cikin "an", shi ya sa su kaɗai ne a ƙasar Hausa suke zaune ba ruwan zafi da gaske. Dubi ƙafafunsu da hunturu, kaushi da faso har jini, dubi ƙazuwa a tsakanin yatsu, dubi yadda suke kewaye wutar bola da tsohuwar taya. Masu yabon wankan ruwan sanyi su je can su yi wa'azinsu in sun isa.

Ga wani aiki da ya rataya a wuyan wannan ƙungiya tamu, ba sai mun jira gwamna ba. Har yau na'urar nan ba ta da suna a bakin jama'a. Mun raɗa wa jirgi mai saukar ungulu suna, mun raɗa wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma abin da zai ɗauke wa uwayenmu tashin asuba sai mu yi ta kewaye-kewaye kamar yadda na yi ta yi a wannan rubutu. Abin da ba shi da suna, ba a tambayarsa a kasuwa, ba a sa shi cikin kayan ɗaki, ba a roƙon ɗan takara ya kawo shi. Ni na ce a kira ta randar rana. Wanda yake da sunan da ya fi wannan, fitowa ta gaba tana jiransa, amma ya rubuto mana har da sunan wadda ta ɗora masa ruwa a safiyar da ya yi rubutun.